Yadda Za Ka Mallaki Gida Mai Taya, Ka Kasa Zuwa Durba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan burinka a duniya shi ne ka mallaki ƙatuwar motar nan mai ɗaki a ciki, mai gado da murhu da firji da banɗaki, irin wadda Turawa ke yawon shan iska da ita, to Allah ya haɗa ka da gwani. Ni ne Jabiru na Madachi, ƙasar Rano, kuma na riƙe irinta da hannuna. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, cikin wata biyu sunanka zai zaga kowace majalisa, kuma ba za ka ƙara zuwa ko'ina ba, ko da nan da Durba ne, ko da mai ƙaunarka ce ke kwance can tana jiranka. Na gwada, bai ba ni kunya ba.

Mataki na ɗaya: Sayo ta, kada ka shawarci kowa

Shawara ta matsorata ce. Da ka ji wani kamfanin Turawa masu haƙa rijiyar burtsatse ya tattara komatsansa yana gwanjon kaya a Kano, kwashe gyaɗar bara daga rumbu, ka haɗa da fegin bakin hanya, sannan ka kora shanun huɗarka guda biyu zuwa gidan maƙwabci. Kada ka kula da cewa damina saura wata guda. Ni Bappa na kai wa nawa, dattijon Bafulatanin da ya zauna a bayan garinmu ya kama noma.

Zai zaga bijiman, ya duba haƙoransu, ya ce maka abin da ya ce mini: "Malam Jabiru, mu a bayan bijimi kakanninmu ke ɗora gida, har muka gaji muka sauke muka zauna. Kai kuma yau sa za ka sayar ka sayi gida mai yawo?" Yi murmushi kawai. Me mai sanda ya sani game da ci gaba?

Ɗauko direba daga Kano ya kawo ta, tunda kai iyakar tuƙinka babur. Ku iso bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika. Nan take za a raɗa mata suna. Tawa Gidan Taya aka sa mata.

Mataki na biyu: Yi alkawari a gaban jama'a

Irin wannan mota ba ta cika sai da alkawarin da ya fi ƙarfinka. In ka taki sa'a irin tawa, a ranar da ta iso, tana ƙofar gida inji na ruri, za a aiko daga Durba cewa Inna Tani jiki ya yi tsanani, tana neman ka.

Bari ka san ko wace ce, don ka nemo mai nauyinta a danginka. Yayar mahaifiyata ce. Ni ɗan fari ne, saboda haka Iya ba ta taɓa faɗin sunana ba, har yau daga "kai" sai "wancan". Inna Tani ce ta ɗauke ni yaye, aka ce wata ɗaya, ta riƙe ni shekara bakwai. A bayanta na yi ƙyanda. Ita kaɗai ce a duniya mai ƙwala "Jabiruna!" a tsakiyar kasuwa ba ta duba wa ke ji.

Iya za ta yafa mayafi, ta tsaya a zaure kusa da babur, ta ce, "Kai, tashi mu je." Kada ka tashi. Ɗaga murya yadda na waje za su ji, ka ce, "Haba Iya, babur kuma? A kwance za ki shiga Durba, kan katifa, fanka na kaɗa ki. Inna ma a ciki zan ɗauko ta zuwa asibiti. A dai bari a wanke ta a yi mata addu'a, gobe da safe mu tafi." Sannan ka ba ɗan saƙon wannan maganar ya kai Durba, don kada ka bar wa kanka ƙofar janyewa.

Iya za ta dube ka, ta dubi babur, ta cire mayafin. Ɗauki wannan a matsayin yabo.

Mataki na uku: Nemo mata masauki

Ba a barin dukiya irin wannan a waje awaki su goga mata ƙaho. Zauren gidanku kuwa kakanka ya gina shi daidai jaki da mangala. To, sai me? Rushe katangar kudu. Direba ya shigar da ita da baya har gindin rumbu, ya kashe, ya danƙa maka makulli, ya kama hanyar Kano har yana manta hularsa.

Dalilin saurin nan nasa za ka gane shi da safe, in ka murɗa makulli motar ta ce "ƙyat" ta yi shiru.

Matarka, tawa Lubabatu, za ta fito wanke-wanke ta tarar duk mai wucewa gona yana ƙirga mata tukwane. Za ta ce, "Malam, yanzu a titi muke zaune?" Ce mata kwana biyu ne. Riƙe kalmar nan da kyau, ita ce sifana mafi amfani a duk kayan gyaranka.

Mataki na huɗu: Kira bakanike wanda bai taɓa ganin irinta ba

Wanda ya san ta zai gaya maka gaskiya, ba ka bukatar wannan. Je Rano ka ɗauko Mato, mai gyaran injin niƙa da injin ban ruwa. Zai shiga ƙarƙashinta ya fito, ya tsotsi haƙori, ya ce, "Ai ƙaramin abu ne, batir ne." Sayo batir. Zai ce, "Ashe fiyus ne." Sayo fiyus. Zai buɗe wani murfi ya tarar ɓeraye sun yi walima da wayoyi, ya ce dama tun farko su yake zargi.

Akwai littafin bayani a aljihun gaba, mai kauri, da Jamusanci. Mato zai buɗe shi da ladabi, ya kalli hotuna, ya kaɗa kai, sannan ya tokare ƙofar firji da shi. Wallahi shi ne kaɗai amfanin da littafin nan ya yi mana, kuma ya yi shi da kyau.

Duk waɗannan kwanaki babur na zaure, tankinsa cike. Kada ka kalle shi. Mutumin da ya gaya wa duniya a Gidan Taya zai shiga Durba, in aka gan shi a babur, da wane ido zai dubi majalisa?

Mataki na biyar: Bar jama'a su gwada banɗakin

Wannan shi ne zuciyar kula da motar. Kowa zai so ya ga masan da ake takawa da ƙafa ruwa ya zubo. Bar su. Babu wanda zai gaya maka cewa abin ba rami yake zuwa ba, tanki ne a ƙarƙashi, kuma tanki cika yake yi. Rana ta biyar, in zafi ya buɗe, hancinka zai yi maka bayani dalla-dalla.

Iya sau ɗaya za ta leƙa. Za ta nuna murhu, ta nuna gado, ta nuna ƙaramar ƙofar, ta ce, "Nan a ci, nan a kwana, nan a zaga? Allah ya kyauta." Ta sauka.

Liman ma zai zo, ya tsaya ya auna da ido, ya ce maka yadda aka ajiye motar nan, mai zama kan masan gabas yake fuskanta, sai an juya ta. Ka ce ai ba ta tashi. Daga nan majalisa za ta rabu biyu: wasu su ce gini ce, hukuncin gini za a yi mata, wasu su ce abin hawa ce, wani ma ya tambaya ko mai kwana a ciki zai yi sallar ƙasaru. Kwana huɗu ana wannan muhawara kana tsakiya ana zuba maka shayi. Ji daɗinka, wannan shi ne ribar mai mota.

Mataki na shida: Yi tafiya, ka bar gida a buɗe

Mato zai gano cewa ainihin matsalar wani ƙarfe ne kamar ƙwan agwagwa, wanda sai a Kano. Tafi. Kwana uku kana zaga rumfunan kayan gyara da shi a aljihu, kowa ya juya shi ya ce sai dai a aiko daga Legas.

Kana can ruwan farko zai sauka. Lubabatu, wadda ta yi mako uku tana girki a bayan tabarmar da ta rataya a gurbin katanga, za ta kira magini ta ce ya tayar da katanga kafin ruwa ya zauna, don in damina ta kama ba mai ginin ƙasa sai kaka. Magini kuwa katanga aka ce masa, katanga zai yi, mai kauri, mai kyau, har da 'yar ƙofa daidai mutum da akuya.

Za ka dawo da ƙarfenka ka tarar da Gidan Taya a cikin gida, an kulle ta kamar amarya. Za ka buɗe baki, Lubabatu ta riga ka: "Kwana biyu ne, Malam."

Mataki na bakwai: Koyi amsa waya

Za a kira daga Durba a kanga wa Inna Tani waya a kunne. Muryar za ta yi ƙasa har sai ka toshe ɗaya kunnen. Za ta ce, "Jabiruna, ka zo mana. Ko a ƙafa ne ka zo."

Ka ce, "Inna, Juma'a insha Allahu. Saura kaɗan a gama."

Za ta ce, "To, Allah ya kai mu."

Nan ne wurin da ɗalibai da yawa ke faɗuwa. Ƙafarka za ta fara ja zuwa zaure wurin babur. Daure. Koma ka riƙe wa Mato fitila a ƙarƙashin mota. Ni na daure, ga ni nan ina koyarwa.

Washegari bayan asuba za ka tarar ɗakin Iya a rufe. Ta bi Fanta, matar Bappa, da sauran masu kai nono, ta hau motar kasuwa mai zuwa Durba a kan buhunan albasa, da ƙullin goro a gefen zane. Ba ta yi maka sallama ba. Ka gaya wa majalisa tsofaffi ba su da haƙuri.

Mataki na takwas: Fito da ita

Ranar Alhamis inji zai tashi, Mato kansa bai san abin da ya taɓa ba. Kai, ranar nan! Baƙin hayaƙi ya turnuƙe gida, kaji bakwai suka tsere daga ƙarƙashin kujerar direba, Mato ya yi kabbara. Ɗauki diga ka rushe sabuwar katangar da hannunka, kada ka kalli fuskar matarka. Mato ya kama sitiyari, tunda ya ce ya taɓa tuƙa tarakta. Kai ka zauna gaba, gwiwar hannu a taga, ana ta ɗaga maka hannu.

Za ku yi tafiya mai daɗi har bayan gari, wajen kwarin da ruwa ke kwanciya. Jaki na wucewa nan, babur na wucewa, motar kasuwa na wucewa. Gidan Taya za ta nutse har gindin ƙofa.

Aika a kira Bappa. Zai zo da bijimai biyu da igiya, ka gane su tun daga nesa, su ma su gane ka. Zai zaga motar, ya nemi wurin ɗaura igiya. Ana cikin ɗaura musu igiya wayarka za ta yi ƙara. Lambar Durba ce, amma muryar namiji.

Yanzu kana iya hawa babur. Ruga gida a ƙafa, ka tayar da shi, bugu ɗaya zai kama. Ni na duba agogo, ban san me ya sa ba. Daga zaurenmu zuwa ƙofar gidan Inna Tani minti arba'in ne. Na tarar maza suna dawowa daga maƙabarta, suna wanke hannu a bakin rijiya.

Iya na zaune kan tabarma a ɗakin da aka yaye ni. Na durƙusa. Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ta tambaye ka sau uku. Na ce kana gyaran mota."

Na kasa ɗaga kai.

"Ta ce a ƙyale ka. Ta ce tun kana ƙarami, in ka samu abin wasa ba ka jin kira."

Na yi kuka a gaban mata, ba zan ɓoye maka ba, kuka mai sauti irin wanda ban yi ba tun ranar da aka raba ni da gidan nan.

Sharaɗi

Gidan Taya na nan a bakin kwari inda shanu suka ja ta suka ajiye. Maruƙan Bappa na shan inuwarta, kuma Liman ya duba ya ce yanzu arewa take fuskanta, ba laifi. Katangar kudu tabarma ce har kaka. Gonata da fartanya na nome ta bana.

Duk wanda ya bi matakan nan, abin da ya same shi shi ya jawo. Ba ruwana da katangarka, ba ruwana da shanunka, ba ruwana da abin da matarka za ta gaya wa 'yan'uwanta. In hanci ya toshe, in inji ya ƙi tashi, nemi Mato a Rano. Amma in akwai mai kiran sunanka da ƙarfi a kasuwa, ta aiko ta ce ka zo, kada ka kawo mini ƙara daga baya ka ce ni na ce ka jira Juma'a. Wannan ɓangaren ba ni da kayan gyaransa, na zaga Kano kaf ban samu ba.