Man Shanun Gwaggo a Filin Jirgi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin sama ba, kuma ko na so in manta, babbar rigata ba za ta bari ba.

Ofishinmu na Gumel ne ya tura ni taron bita a Legas, aka ce a jirgi zan je. Tun saura sati biyu babu wanda bai ji ba, har mai shayin bakin tasha. Na ɗinka babbar riga ta farar shadda, na riƙa yi wa abokai bayanin jirgi kamar a cikinsa aka yanke mini cibiya (gaskiyar magana, iyakata raka alhazai sau biyu, kuma daga bakin ƙofa nake juyowa).

To, a wajenmu matafiyi ba ya tafiya hannu rabbana, sai da saƙo. Labari ya kai Maigatari wajen Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina. 'Yarta Rakiya tana aure a Legas, ta yi haihuwar fari, ciwon gwiwa kuma ya hana Gwaggo zuwa. Abin ya tsaya mata a rai. Sai ta tara man saniyarta na makonni, ta soya da albasa, ta cika wata roba mai murfi, ta kai firjin maƙwabta ya daskare. Ranar tafiya da sassafe ta kawo mini da kanta.

"Ɗan nan, tunda ni ban je ba, wannan ya je. A cinyarka za ka ɗora shi, kada ya shiga cikin kayan mutane."

Na ce, "Gwaggo, kwantar da hankalinki. Ni da jirgi ai mun saba."

A motar Kano na zauna kusa da wani dattijo daga Sule Tankarkar, mai koɗaɗɗiyar riga da silifas. Bai tambaye ni komai ba, amma kafin mu kai rabin hanya na koya masa yadda ake ɗaura bel da yadda kunne ke toshewa a sama. Shi dai "Ikon Allah" kawai yake cewa. Duk wannan surutun, robar tana cikin leda a kan cinyata, ranar bazara tana dukanta ta taga.

A filin jirgi na miƙa akwatina. Matar da ke karɓar kaya ta nuna ledar, ta ce, "Malam, babu abu mai ruwa-ruwa a ciki?" Na ce babu, har da ɗan murmushin wanda ya san dawan garin.

Sai da ledar ta bi ta cikin na'urar bincike wani jami'i ya ɗaga robar ya girgiza. Wallahi har ni na ji ƙarar, caɓal-caɓal. Man da ya baro Gumel kamar sabulu ya narke tas.

"Alhaji, wannan ba zai shiga da kai ba. Ruwa ne."

"Yallaɓai, ba ruwa ba ne, man shanu ne. Da safe a daskare yake."

"To, yanzu dai ba safe ba ne."

Ya nuna mini wani kwando da aka tara robobin ruwa da turaruka. Na tuna Gwaggo tana ɗingishi daga tasha da robar a ƙirji, na ji ba zan iya ba.

Sai dabara ta zo mini (irin dabarar da ke zuwa wa mutum idan hankali ya tafi hutu). Tunda laifin man narkewa ne, a mayar da shi yadda yake! Can lungu akwai wata doguwar na'urar sanyaya ɗaki. Na je na tsaya gabanta, na ɗaga robar da hannu biyu daidai inda iskar ke fitowa, ina jujjuya ta kamar mai gasa masara. Ga babbar riga, ga hula an karya, ga mutane suna wucewa suna kallona. Wata mata ta ja 'yarta gefe. Na fi minti goma a haka, hannuna ya ƙage, man ko gezau.

Sai na ji an dafa kafaɗata.

"Malam mai jirgi, sanyi ake sha?"

Dattijon mota ne, da tikiti a hannu. Ashe dillalin shanu ne, kusan kowane wata sai ya je Legas, har jami'an suna gaishe shi da suna. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Ko ya daskare ba za su bari ba. Koma wajen masu kaya a sa maka a ƙasan jirgi, haka nake kai wa iyalina da ke Legas."

Na koma wajen matar da na yi wa murmushi. Ta duba ta ce murfin yana tsiyaya, sai an naɗe robar da abu mai kauri. Akwatina ya riga ya wuce, ana kuma kiran fasinjoji. Na dubi robar, na dubi farar shaddata. Na tuɓe.

Haka na shiga jirgin farko a rayuwata, daga ni sai 'yar ciki da hula. Kujerata kuma kusa da ta dattijon. Shi ya ɗaura mini bel.

A Legas Rakiya ta warware rigar, wadda ta koma ruwan ɗorawa, ta buɗe murfin. Tana jin ƙamshin sai hawaye. Ta ce, "Yaya, wallahi kamar Inna ce ta shigo." Nan take ta kira ta a waya, ina jin muryar Gwaggo tana tambaya ko a cinya na ɗora shi. Na zuba wa Rakiya ido ina roƙo.

Ta ce, "Inna, ai ya wuce nan. Rigarsa ya tuɓe ya lulluɓa masa."

Tun daga ranar Gwaggo ta cika Maigatari da labarin cewa babu mai riƙon amana kamata. Sakamakon haka, ko Kano aka ji zan je sai na tarar da robobin man shanu a zaure. Ni kuwa na koyi abu biyu: idan ban sani ba in tambayi mai silifas ɗin da ke kusa da ni, kuma kada kowa ya ji labarin tafiyata sai na dawo.