Yadda Akanta Zai Dawo Daga Bita da Kwarjini, Kai Fayau

Kai akanta, an ce dokokin hannun jari da na rahoton kuɗi sun sake sauyawa, kuma wanda bai je bita Kano ya sabunta iliminsa ba, kujerarsa ta zama ta wani? Sha kuruminka! Bi matakan nan, in kujerar ta kuɓuce maka ka canja mini suna.

1. Zaɓi wurin zama. Bayan ginshiƙi, daidai inda sanyin na'ura ke sauka. Tun daga Kibiya buhun tattasai ke danne maka ƙafa a motar haya, ai haƙƙinka ne ka rama barci.

2. Gyangyaɗi da tsari. Ka bar kan yana sauka a hankali yana tashi. Daga nesa malamin bita zai ɗauka gamsuwa ce ta ratsa ka.

3. Farka lokacin shayi. Nan ake raba jaka mai tambari. Masana sun tabbatar kashi tara cikin goma na ilimin bita a jikin jakar yake, sauran yana cikin kaza.

4. Amsa ba tare da amsawa ba. Koyi da abokina Dalhatu, akantan wani ƙaramin banki a Rano. Da ya dawo, shugaban bankin, Alhaji Lado, ya ce, "To Malam Dalhatu, me aka ce?"

"Ranka ya daɗe, abin ya koma na duniya. Yanzu ba a yi yadda ake yi da."

"To yaya ake yi?"

"Ai shi ya sa aka sauya, Alhaji."

Alhaji ya jinjina kai, ya ce lallai boko dare ne.

5. Kada gishirin ya yi yawa. Dalhatu ya zuba har Alhaji ya ga rowa ce a bar wannan ilimi a cikin mutum ɗaya. Ya kafa rumfa, ya ɗauko lasifika, ya tara masu hannun jari har daga Rurum. Hajiya Jummai, wadda ta sayar da bijiminta ta sayi nata hannun jarin, ta miƙe: "Ɗan nan, sabuwar dokar cewa ta yi in riƙe ko in sayar?"

6. Suma. Dalhatu ya dubi taron, ya yi salati, ya zube. Aka kwashe shi a acaɓa. Alhaji ya ce karatu ne ya yi masa yawa, a ɗage taro sai ya warke. Yanzu ko atishawar lafiya ba ya yarda ya yi a gaban mutane. Kujerar tana nan tasa, kullum ana goge masa ita, zama kawai ya gagara.

A kula: in ka faɗi kan dutse, ko aka kira mai ruƙiyya ya zane ka da bulala, ni ba ka san ni ba, ban san ka ba. Hajiya Jummai ma ba ni na aike ta ƙofar gidanka ba.