Faifan da Ya Ƙi Barci a Gidan Hajiya Hansai

"…lafiya lau, ya hanya? Gara da ka kawo kanka, mijin banza, da na aika an turo mini kai a baro."

"Ni da na taso tun daga Katabu ko karyawa ban yi ba? Amarya, ke dai ba ki iya tarbar miji ba."

Sharhabil ke nan da kakarsa Hajiya Hansai, a falonta na Unguwar Dosa. Shi ya girka mata wata 'yar akwatin kwamfuta a ƙasan talabijin, ya zuba hotuna da bidiyon dangi kaf a faifan ajiyar da ke ciki, kowa na kallo ta wayarsa. Ya saita faifan ya riƙa daina juyi in ba mai amfani da shi, don ya huta. Ina! Faifan nan ya rantse ba zai runtsa ba. Ya ɗau zafi, har ya fara wani ƙas-ƙas, kuma a cikinsa kaɗai muryar marigayi Malam Audi, mijin Hajiya, ta rage. In ya ƙone, shi ke nan.

Sharhabil ya gurfana gaban akwatin, ya ɗora hannu. "Kai! Hajiya, ƙosai kike soyawa a kai?"

"Da ka bar mini kuɗin cefane ai da na soya. Wai kai ne injiniya! Mai gyaran rediyo na Unguwar Kanawa bugu ɗaya yake yi, abu ya miƙe."

"Ba abin da ban duba ba. Na kashe manhajar da ke jera hotuna, na sauya wayar wuta, na sake saiti. Ko kin raba wa 'yan layinku lambar shiga ne?"

"Wa zai zo kallon hotonka da wannan kan kamar tulu? Ran sunanka ma sai da muka rufe ka da zane kada baƙi su gudu."

"Amma kika nace sai ni!"

"Taimako na yi, don Allah."

Ya danna nan, ya danna can, ya rage lokacin da faifan ke jira kafin ya huta, sannan ya koma kan tabarma ya ce kowa ya kama bakinsa. Hajiya ta harare shi, ta ci gaba da jan carbi. Can sai gurnanin faifan ya fara sauka, ya sauka, ya ɗauke. Tsit. Sharhabil ya ɗaga hannu zai yi hamdala ke nan, sai ga tsohuwa ta wawuri wayarta, ta dangwala. Faifai ya ce wuuu, ya farka. Wata murya mai kauri ta cika falon:

"Hansai! Ke Hansai! Ina kika kai mini butata?"

"La ilaha illallahu! Hajiya, ashe ke ce aljanar da ke tashinsa!"

"Ni ce me? Ba ka ji ya yi shiru ba?"

"Ai shirun nake nema tun da na shigo! Barci yake yi."

"Barci a gidanku. Ni in na ji tsit ɗin nan gabana faɗuwa yake, sai na taɓa na ji ko Malam yana nan." Ta sauke murya. "Shi ma ran da ya tafi haka ya yi mini, na ɗauka barci ne."

Tausayi ya kama Sharhabil. Ya karɓi wayar, ya shiga kwafo bidiyon Malam ɗin cikinta, yana yi yana ƙunƙuni.

"Wato ina nan saurayi jini a jika, ke kina can kina zance da tsoho. Shi ma bai ji kunya ba, har yau bai sakar mini mata ba."

"Kul! Shi tsayayyen namiji ne. Kai ko kaza ta yi tari sai ka hau kujera."

"To ga tsayayyen naki na sa miki shi a waya, na kuma tura wa kaina. Ko an ɗauke wuta yana nan. Ki bar bawan Allah faifai ya huta."

Ba ta yarda ba sai da suka jira akwatin ta sake yin tsit. Ta dangwala wayar tana kallonsa ta wutsiyar ido. Akwati ko motsi, amma ga Malam yana ta cigiyar buta. Ta sake dangwalawa. Ga shi dai.

Ta miƙe da ƙyar ta shige ɗaka. Sai ga ta da wata tsohuwar butar ƙarfe, duk ta lotsa a gindi, ta dangwarar masa a cinya.

"Ungo tukuicinka, ango. Ka ci."

"Wannan ce butar? A ina aka gan ta?"

Hajiya ta tuntsire da dariya, tana share ido da bakin mayafi.

"Dama ba ɓata ta yi ba. Ni na ɓoye ta, don ya yi ta kiran sunana."