Ranar da Mma ta nemi tafinta

Ko me zan manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da na dawo Tamale ba, bayan na daɗe a Ingila ina tuƙin bas. Mahaifiyata, Mma, ta sha faɗa min a waya cewa Turawa sun cinye mata ɗa. Ni kuwa na yi ta rantsuwa ina nan yadda ta san ni. Abin da na zo nuna mata ke nan.

Na sauka unguwarmu, Sabonjida, cikin babbar riga (sabuwa fil, sai ƙamshin kanti take). Dangi sun cika tsakar gida. A wajenmu ruwa ake fara ba baƙo, ya sha, sannan babba ya tambaye shi labarin hanya, ko da kowa ya sani. Mma da kanta ta ɗebo daga randa a kofi ta miƙo min. Sai hannuna, ba tare da ya shawarce ni ba, ya zaro gorar ruwa daga jaka.

"Bar shi, Mma, ina da nawa."

Ta dubi kofin, ta ajiye shi kusa da ƙafarta.

Ƙaninta, Kawu Iddrisu, ya yi gyaran murya. "To, yaro, sannu da zuwa. Ba mu labarin hanya."

Na fara da Hausa tsaf. Amma da na kai kan jirgin da ya makara, haushi ya ɗebe ni, kuma ashe yanzu haushina da Turanci yake fita. Na yi ta zuba, har da nuni da hannu. Shirun da suka yi, na ɗauka daɗin labarin ne.

Mma ta juya a natse. "Iddrisu, aika a kira ticha na maƙwabta. Baƙon nan ya zo da magana. A fassara min, in ji ko ya ga yarona a can."

Ba wanda ya yi dariya (da sun yi, da ya fi min sauƙi). Kunya ta rufe ni. Na durƙusa gabanta, na ɗauki kofin na shanye tas, har da ɗan tsinken da ya faɗa ciki.

Ta dafa kaina. "Yauwa. Yanzu ya iso."

Tun daga ranar, in zan zo gida, a Accra nake barin gorar. Haushi kuma haɗiye shi nake, sai na samo Hausarsa.