Yadda Za Ka Gyara Tsohuwar Tirelar Yawo Ba Tare da Ka Taɓa Yin Ribas Ba

Kai mai tsohuwar a-kori-kura, gyara zama. Idan ka bi matakan nan yadda na jera su, na ba ka tabbaci za ka mallaki tirelar yawo da ta fi ta kowa ƙyalli, irin ɗan ɗakin nan mai taya da gado da murhu wanda ake ɗaura wa mota a baya. Masu wucewa za su riƙa tsayawa suna ɗaukarta hoto, ka tsufa da girmanka, kuma babu mahaluƙin da zai gane ba ka iya ja da baya da ita ba.

Dabarar ba tawa ba ce. Ta maƙwabcina ce, Harlan Ostby, wanda ya yi aski a ɗan garinmu na Dakota ta Arewa har hannunsa ya fara rawa. A nan, yaro kan iya ribas da keken hatsi da aka ɗaura wa mota kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi. Harlan kuwa a gari ya tashi, ba a gona ba. Sau ɗaya ya gwada yana saurayi: ya murɗa sitiyari dama, keken ya yi hagu, ya murɗa hagu, abin ya naɗe kamar askarsa. Tun daga ranar bai sake ba, sai dai ya koyar da darasin ribas ga duk wanda ya zauna masa a kujera da kumfa a fuska, ba damar musu.

Mataki na Ɗaya: Yi alkawari a gaban jama'a

Alkawarin cikin ɗaki ba ya ƙara wa mutum kwarjini. Jira a cika.

Likita ya gaya wa Doreen, matar Harlan, cewa ƙirjinta ya gaji da sanyin arewa, ta riƙa gangarawa Arizona, can kudu inda ake ɗumi, kafin ƙanƙara ta sauka, kamar yadda rabin tsofaffin garin ke yi. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ana shan gahawa, wata ta tambaye ta jirgin yaushe za ta bi. Kafin ta buɗe baki Harlan ya ajiye kofinsa.

"Jirgi? Matata? A cusa ta cikin gwangwani da baƙi? Tirela zan gyara da hannuna, in ja ta har can, ta kwana a kan gadonta."

Aka tafa masa. Doreen ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "To, Harlan." Sai da suka kama hanyar gida ya tuna cewa duk abin da aka ja gaba, wata rana sai an mayar da shi baya.

Mataki na Biyu: Sayi wadda ta fi kowacce lalacewa

Kada ka kuskura ka sayi mai lafiya, don mai lafiya tafiya take nema. Harlan ya samo tasa a bayan rumbun Merle Kautz, wani manomi da ya daɗe yana yi wa aski. Ta girmi 'ya'yan Merle duka. Kaji sun yi zamani a cikinta sun bar wa ɓeraye, wata 'yar bishiya kuma ta huda daɓen ta leƙo ta taga.

"Wannan ai sai dai a ƙona," in ji Merle.

"Kai dai ba ka san kaya ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Ga inda hikimar take. Ranar ɗauko ta, ka tashi da ciwon wuya. Harlan ya naɗa tawul ya fito yana tafiya kamar ya haɗiyi tabarya, Merle ya jawo tirelar da kansa, ya shigar da ita tsakar gida da baya, hancinta na kallon titi. Shi kuwa gogan yana tsaye yana kaɗa hannu: "Hagu kaɗan. Na ce kaɗan, Merle! Wa ya koya maka tuƙi ne?" Ka riƙe wannan: mai ba da umarni ba a tambayarsa ko ya iya.

Mataki na Uku: Kwance komai

Ciro daɓe, ciro gado, ciro wayoyin wuta, ka baza su a gareji yadda ko kai ba za ka gane kansu ba. Sannan ka rantse ba za ka ɗaura mata ko noti ɗaya ba sai irin na shekarar da aka ƙera ta. Harlan ya yi wata da watanni yana neman mariƙin ƙofa. Da aka samo masa, ya juya shi a hannu, ya ce wannan na shekara mai bi mata ne, a mayar.

Kafin a ankara ƙanƙara ta rufe gari. Doreen ta yi wannan sanyin a gefen murhu da bargo biyu, tana tari. Idan ta tambayi labarin tirela sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, Doreen." Ita kuma ta ƙarasa masa, "Sai dai a daɗe ba a je ba."

Mataki na Huɗu: Goge ta har ta zama madubi

Wannan shi ne matakin da na fi so, domin ba shi da ƙarshe. Jikin tsohuwar tirela farin ƙarfe ne. Ka fara gogewa daga hanci da bazara, kafin ka kai wutsiya hancin ya dushe, sai ka koma farko. Mutum zai iya cinye rayuwarsa a haka ana yaba masa da ƙwazo.

Ta Harlan ta yi ƙyallin da tsuntsaye ke zuwa faɗa da inuwarsu. Masu zuwa coci suna tsayawa su gyara wuyan riga a jikinta. Gwauruwar da ke gida na gaba ta zo har ƙofa ta ce hasken da ke dawowa ya dafa mata tumatir a kan uwarsa.

"Sai ki gode, na rage miki aiki," in ji Harlan.

Wani sanyin ya zo ya wuce. Tarin Doreen ya ƙara zurfi, har ana jinsa daga gareji. Shawarata a nan: ka sayi rediyo.

Mataki na Biyar: Idan tsautsayi ya sa ta gyaru, koma kan mota

Komai iya jan ƙafarka, wata safiya za ka duba ka ga babu sauran abin gyara. Labule ya hau, murhu na kamawa, gado ya sha sabuwar katifa. Kada hankalinka ya tashi. Tsaya a gaban a-kori-kurarka, ka girgiza kai, ka ce, "Wannan ba za ta iya jan wannan ba."

Harlan ya sauke inji. Ya canza lagireto, ya canza birki, ya sa mata shokozoba masu tsawo da manyan tayoyi har Doreen ba ta iya hawa sai da kujera. Da aka zo gwada ƙugiyar ja, mota ta yi sama, tirela ta yi ƙasa, ba su haɗu ba. Ya sake sauke motar. Ka ga an ci bazara guda ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba.

Hattara da masu son taimako. Merle ya zo da wata 'yar kamara da ake liƙawa a baya, mai nuna wa direba komai a allo.

"Da wannan ko makaho ya yi ribas. Ɗaura mu gwada yanzu."

Amma tsohon mai aski ba ya rasa ta cewa. "Ni za ka kawo wa talabijin? Madubi biyu Allah ya hore wa mota. Kai wa surukinka, shi ne ya ture maka shinge."

Kada kuma ka ce za ka fita da ita ka koya a ɓoye. Fita dai da gaba ne, amma wa zai mayar maka da ita tsakar gida?

Mataki na Shida: Kada ka je asibiti

A nan malamin namu ya karya dokarsa, kuma dole in faɗa don ka kiyaye.

A sanyi na uku numfashin Doreen ya sarƙe, aka kwantar da ita. Harlan ya zauna a gefen gadon da baƙin mai a farcensa, yana kallon robar da aka sa mata a hanci. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Da ta farfaɗo ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Harlan, kada ka takura kanka," ta ce. "Ƙanwata ta ce baɗi in bi ta a jirgi. Kai ka zauna ka gama aikinka a tsanake. In an fara shuka sai in dawo."

Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa kwana gida ba ta nan ba. Bai san inda ake ajiye gishiri ba, bai kuma san da wa zai yi gardama da safe ba. Ya fita ya tsaya a baranda ya share ido da hular sanyi. Motar da ta shekara a kan jak, kafin a gama girbin alkama ta sauka ta tashi da bugu ɗaya.

Mataki na Bakwai: Idan tafiya ta kama, yi gaba kawai

Duniya zagaye take, saboda haka duk inda ke bayanka yana gabanka idan kana da haƙuri da mai.

Sun tashi da kaka, tirela na walƙiya, rabin gari na ɗaga hannu. Doreen ce ke faɗin hanya, tana saƙa. Harlan ya kafa wa kansa ƙa'ida: ba ya shiga gidan mai sai ya hango ƙofar fita. Ya wuce gidajen mai da dama allurar man motar na kan ja, yana cewa man wurin ruwa ne. Abinci sai inda manyan motoci ke tsayawa. A Nebraska ya wuce kwana da taku kaɗan.

"Ka wuce, Harlan. Ɗan ja baya."

"Na sani. So nake ki ga ƙasa."

Suka ga ƙasa har rana ta karkata, masara ce hagu da dama, kafin hanyar ta zago da su. Doreen ta ci gaba da saƙarta.

Abin da ke cin ransa yana can gaba. Kowa ya san al'adar zangon tirela. An ja layi, kowa da gurbinsa, kuma da baya ake shiga. Da an ji ƙarar baƙuwar mota, tsofaffi za su fito da kujerun naɗewa da abin sha, su jeru. Ba sa taimako, ba sa dariya a fili, kallo kawai suke yi, wani ya ce wa na kusa da shi, "Zai taɓa bishiyar nan." Ga shi kuma ya zo da tirelar da ake hangowa tun daga wata jiha.

Mataki na Takwas: Shirya hujjarka kafin a iso

Harlan ya tanadi ciwon wuya, ya tanadi giyar ribas da ta maƙale, ya tanadi rana da ta kashe masa ido. Yana cikin zaɓe sai Doreen ta ce, "Sauka daga kwalta, bi nan."

Hanyar tsakuwa ce. Suka yi ta tafiya, ba ƙofa, ba shinge, ba layi. Fili ne fetal har gindin duwatsu, tireloli a warwatse, kowace da nisa da 'yar'uwarta, wadda ta fi kusa ma sai ka ɗaga murya.

"Ina zangon?" ya tambaya.

"Ga shi kana ciki. Tsaya inda ka ga dama. Ranar komawa ka zaga ka fita."

Ya taka birki, ya ja wata doguwar ajiyar zuciya. Da ya yi shiru da ya tsira, amma bakin mai aski ba ya zama.

"Kash! Ni da na so mu je mai layi, in nuna wa mutanen nan yadda ake..."

"Harlan." Ta ajiye saƙar a cinya. "Ranar da muka tare, ka zaga unguwa da keken kayan babana har sau nawa, wai kana neman inuwa. Tun ranar na sani."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. "Kin sani? To me ya hana ki faɗa?"

"Jira nake ka faɗa. Abin da mutum ya rungume tun yana saurayi ba a fizge masa. Na ce in ya ga ina tari zai sauke. Ashe ka fi ni taurin kai."

Kunya ta rufe shi, ba ta ribas ba, wannan ta zama ƙarama. "Sanyi uku kika sha, Doreen."

"Na sha. Kuma ban yafe ba tukuna, sai na ga yadda ka iya wanke kwanuka." Ta buɗe ƙofa, ta zuro ƙafa, ta ja iskar wurin har ƙasan ƙirji ta sake ta a hankali, tari bai biyo ba. "Zo ka riƙe ni in sauka, tsoho. Motar nan taka har yanzu ta yi tsawo."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu maƙwabci ne kawai, ba bakanike ba, ba likita ba. Ba ruwansa da shingen da aka ture, ko man da aka ƙona a gonakin masara, ko wuyan da ya sage da gaske saboda yawan kwaikwayo. Wanda ya bi matakan nan ya bi don kansa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Idan kuma ka tsaya kirga sanyi kana jan ƙafa, ka sani Harlan sa'a ya yi aka sallamo tasa matar daga asibiti. In taka ba ta kai sanyi na huɗu ba, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa.