Yadda Za Ka Ruɗi Kwamitin Lasisi Da Kujerun Aro

Ɗan'uwa, idan jami'arku tana can gida, ajinku yana nan Doha, kuma aka aiko da takarda cewa kwamiti na tafe ya duba ko kun cancanci ci gaba da digiri na biyu a harkar kasuwanci, to share guminka, ka zo inda ya dace. Matakan nan bakwai an gwada su a kan mutum mai rai, kuma na yi maka alkawarin sakamako ɗari bisa ɗari. Wane irin sakamako ne, wannan sai mun kai ƙarshe.

Wanda aka gwada su a kansa Mas'udu ne, injiniya a wani kamfanin iskar gas, mutumin da kunya ta yi wa yawa har sallama sai ya gwada ta a zuci kafin ya furta. Su goma sha huɗu ne a ajin, ɗaliban Jami'ar Tudun Haske, reshen ƙasar waje, saura zango ɗaya su gama. In aka janye lasisin reshen, duk mai son takardarsa sai ya koma gida ya ƙarasa. Sahadatu, mai harhaɗa magani a wani asibiti, wadda ke zama kusa da taga, ta riga ta faɗa a gaban kowa:

"Ni in aka rufe, ajiye aikin zan yi in koma Zariya. In kuwa na koma, na koma ke nan. Baba ba zai sake barina in fito ba."

Kowa ya ce Allah ya kyauta. Mas'udu kuwa, ranar sau uku yana wuce kwanar gidansa bai sani ba.

Mataki na ɗaya: Ɓoye inda kuke karatu da gaske

Wannan shi ne tushe. Kada ka yarda baƙi su ga gaskiya, domin gaskiya ba ta da kyan gani a hoto.

Ajin su Mas'udu falon Dakta Gado ne, jami'in da jami'ar ta ɗora wa reshen, a gidan da yake haya a Abu Hamour, ba nisa da kasuwar kayan miya. Ranar Asabar ake zama, saboda Juma'a, ranar hutu a Doha, wasu na masallaci, wasu na coci. A kan darduma ake zaune, allon yana jingine da firji, malamai kuma daga gida suke zuwa duk wata uku, sauran lokaci su yi magana ta allon talabijin. Shekara biyu ana haka, kuma an yi karatu, har da kuka ranar jarrabawar lissafi.

Amma Dakta Gado ya dubi dardumar, ya dubi firjin, ya ce, "Jama'a, in Farfesar kwamitin ta shigo nan ta ga jami'a tana warin albasa, khalas, shi ke nan, mun gama yawo."

Ka riƙe wannan hikimar: ilimin da ba shi da kujera mai juyawa, ba ilimi ba ne.

Mataki na biyu: Ara ofis

Nemi aboki mai ofis a unguwar da ake ganin gilashi. Su sun sami wani ɗan Ghana mai kamfanin aika kaya a Al Mirqab, ya ba su aron hawa na uku na kwana ɗaya. Kujeru ashirin kuma aka aro daga wani shago, da sharaɗin kada a cire ledarsu.

Mas'udu ne ya hau da su, bibbiyu, domin lif ɗin ya ƙi aiki. Kezia, ma'aikaciyar jinya 'yar Jos kuma shugabar aji, tana tsaye a sama tana ƙirgawa.

"Injiniya, wannan ƙwazo haka? Kai da ko kofin shayinka ba ka ɗaukewa?"

"Kishin jami'a ne, Sista."

"Eh mana. Jami'a mai zama kusa da taga."

Ya yi kamar bai ji ba, ya koma ƙasa ya ɗauko huɗu a lokaci ɗaya.

Mataki na uku: Kafa ɗakin karatu kafin azahar

Ba karanta littattafan za a yi ba, ƙirga su za a yi da ido. Saboda haka kauri kake nema. Zaga gidajen 'yan gida ka kwashe duk abin da ke da bango mai tauri. Su Mas'udu sun tara ɗari da goma sha biyu: na kasuwanci tara, sauran kuwa na ciwon ƙoda, na haƙar mai, na girkin Larabawa, da ƙamus ɗin Faransanci guda biyu. Sai ka juya bayansu ciki, ka ce salon zamani ne.

Mataki na huɗu: Haddace amsa

Kwamiti zai tambayi ɗalibi me ya kawo shi. Kada ka kuskura ka bar ɗalibi ya yi tunani da kansa. Dakta Gado ya rubuta amsa ɗaya ya raba wa kowa: "Na shiga wannan shiri ne domin bunƙasa ƙwarewata ta shugabanci a kasuwannin duniya."

Mas'udu ya haddace ta a mota, a wurin aiki, a layin sayen shayin karak. Shi kaɗai ya san ƙarya ce tsagwaronta. Bai taɓa son shugabantar ko da shagon kati ba. Shekara biyu da suka wuce ya je karɓar maganin mura, wata ta miƙo masa ta ce, "Sau uku a rana, bayan abinci, kuma ka daina shan ruwan sanyi," ya hango takardar neman shiga jami'ar a gefen teburinta. Murar ta warke cikin kwana huɗu. Ɗaya ciwon kuwa, wayyo, shi ne ya kai shi ajin lissafin kasuwanci.

Tun daga ranar bai taɓa fashi ba, ko Asabar ɗaya. Aikin Sahadatu na karɓa-karɓa ne, takan rasa aji, sai ya riƙa rubuta komai: kwanan wata, sunan malami, ƙarfe nawa aka fara, ƙarfe nawa aka tashi, wa ya zo, wa ya yi tambaya. Ranar da ba ta zo ba ya kwafe mata a takarda mai tsabta ya ba Kezia ta kai. Nasa littattafan kuwa, guda goma sha ɗaya, ba ya barin kowa ya taɓa, kullum suna cikin but ɗin motarsa. Dalili yana nan tafe.

Mataki na biyar: Tarbi baƙi da fara'a, ka hana su zama

Shugabar kwamitin Farfesa Alimatu ce, dattijuwa 'yar ƙarama mai tabarau a kan hanci, wadda ta shekara talatin tana duba jami'o'i. An shirya mata dambun nama, dabino da turaren wuta. Ta ce ta gode, dokar aikinta ta hana ta cin komai sai ruwa. Daga nan ta ja kujera ta zauna.

Ledar ta yi ƙara.

Ta ɗan motsa. Ledar ta sake ƙara. Ɗalibai goma sha huɗu suka zauna a tare, ɗakin ya ɗauka kamar ana murza buhun shinkafa.

"Dakta, shekara nawa kuka yi a ɗakin nan?"

"Biyu, ranki ya daɗe."

"Ma sha Allah. Ɗalibanka akwai tattali. Ko takardar farashin ba su cire ba."

Ta miƙe ta nufi ɗakin karatu, ta zaro littafi ɗaya, ta juyo da shi.

"Cututtukan ƙoda. A wane zango kuke yin wannan?"

Kezia ta ce, "Ranki ya daɗe, na zaɓi ne."

Farfesa ba ta yi dariya ba, amma tabaraunta ya ɗan girgiza. Ta koma kan ɗalibai ta tambayi na farko me ya kawo shi. Ya ce bunƙasa ƙwarewarsa ta shugabanci a kasuwannin duniya. Na biyu ma haka. Da na biyar ya fara, ita ta ƙarasa masa.

Abin lura a nan: in dabara ta fara rushewa, ƙara fara'a. Dakta Gado ya yi murmushi har kumatunsa suka gaji.

Mataki na shida: In an nemi shaida, dubi silin

Farfesa ta rufe fayil ɗinta ta ce, "Dakta, bar batun kujeru. Ni abu ɗaya nake nema: shaidar cewa an koyar da mutanen nan awannin da doka ta ce. Ina rajistar halarta?"

Babu rajista. Ba a taɓa yi ba. Dakta Gado ya share goshi ya ce, "Ranki ya daɗe, duk manya ne. Akwai mai jikoki a cikinsu. Yaya zan tsaya ina kiran sunan Alhaji kamar ɗan firamare? Ai mun san juna."

"Ku kun san juna. Ni takarda na sani. In babu, zan rubuta cewa ban ga alamar karatu ba, kuma ka san abin da zai biyo baya."

Ta cire murfin biro.

A nan ƙa'ida ta ce ka dubi silin ka yi shiru, kuma mutum goma sha biyu sun bi ƙa'ida. Mas'udu kuwa taga ya duba. Sahadatu ta sunkuyar da kai tana naɗe gefen mayafinta a yatsa, irin naɗin wanda ya fara lissafin akwatuna nawa kayansa za su ci. Ya san abin da ke cikin but ɗin motarsa, ya kuma san abin da ke gefen kowane shafi.

Ya miƙe. Ledar ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, ba a nan muke karatu ba. A falon Dakta ne, a Abu Hamour, a kan darduma. Kuma ina da shaida. Minti biyar."

Dakta Gado ya ce, "Innalillahi."

Mataki na bakwai: Kada ka taɓa rubutu a gefen shafi

Da Mas'udu ya san wannan matakin, da ba ka sami abin karantawa ba.

Ya hauro da littattafai goma sha ɗaya a ƙirji, yana haki. Farfesa ta buɗe na farko. Kwanan wata, sunan malami, awanni, sunayen waɗanda suka zo, darasi dalla-dalla, Asabar bayan Asabar. Ta buɗe na huɗu, ta buɗe na tara. Fuskarta ta saki.

"Wannan ya fi rajistar jami'o'i da yawa da na gani." Sai ta karkatar da littafin, ta gyara tabarau. "Wannan ƙaramin rubutun na gefe fa? 'Yau ta zo da mayafi ruwan toka. Ban ji komai a kan haraji ba, sai na tambayi Alhaji.'"

Kezia ta toshe baki da hannu biyu.

Farfesa ta juya shafi. "'Yau ba ta zo ba. Tagar tana nan, amma ba haske.' Ikon Allah. Injiniya, me ka ce ya kawo ka shirin nan?"

"Bunƙasa ƙware..." Haddar ta kuɓuce masa. "Mura ce, ranki ya daɗe."

"To Allah ya ƙara sauƙi." Ta rufe littafin. "Sai dai shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Akwai mai wani rubutun da zan gwada da wannan?"

Sahadatu ta ɗaga hannu a hankali, ba ta dubi kowa ba. "Ina da takardu na duk ranakun da ban zo ba. Suna gida. Ban yar da ko ɗaya ba."

"Madalla. Ki tafi da littattafan nan, ki gwada su da naki shafi bayan shafi, ki kawo min gobe da sa hannunki. Ki karanta da kyau, 'yata. Har gefe."

Da la'asar aka kai Farfesa falon Abu Hamour. Ta tuɓe takalmi ta zauna a dardumar, ta dubi allon da ke jingine da firji, ta yi wa ɗalibai tambayoyi awa biyu, suka amsa da bakinsu, ba da haddar Dakta ba. Bayan sati uku takarda ta iso: an sabunta lasisi na shekara ɗaya, bisa sharaɗin a buɗe rajista, a nemi ɗaki na gaskiya, a kuma sayi littattafan da ba na ƙoda ba.

Amma Mas'udu bai jira sati uku ba kafin ya san tasa makomar. Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwan kwamiti, Kezia ta dire masa littattafansa a gaba.

"Injiniya, ga kayanka. An ce ka duba na goma sha ɗaya, shafin ƙarshe. Ni ban karanta ba." Ta ɗan tsaya. "Sau biyu kawai."

Ya buɗe. A gefen shafin, da rubutu irin na masu ba da magani, an sa lambar waya ta gida Najeriya. A ƙasanta kuma: "Baba yana ɗaukar waya bayan la'asar. Sau ɗaya ya isa, bayan abinci. Kuma har yanzu ina ganinka da ruwan sanyi."

Ya ɗago. Tana kusa da taga, tana kallon allo kamar ba ta taɓa ganin abin sha'awa irin jadawalin haraji ba. Mayafin ruwan toka ne.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta da hannu a duk abin da zai same ka in ka bi matakan nan. In kwamitinku ya zo da Farfesar da ba ta karanta gefen shafi, ko aka kama ka da ƙamus ɗin Faransanci, ko mai shago ya ga ledar kujerarsa ta yage, kai da su. Haka kuma in ka je ceton lasisi ka dawo da surukai a Zariya, kada ka neme ni. Ka nemi Mas'udu, sai dai ba bayan la'asar ba, lokacin layinsa ba ya shiga.