Sanda Biyu da Ƙwai

Ni da jikana mun taɓa yin sati uku ba na amsa gaisuwarsa, a kan abin gasa gwiwa. Autata da ke ƙasar waje ce ta aiko min shi, wani ɗan matashi mai laushi da ake jonawa a wuta ya yi ɗumi. Bakin fuloginsa ya ƙi shiga soket ɗina. Jikan ya ce in kawo, shi ya yi makaranta. Ya sa filaya ya lanƙwashe haƙoran, ya cusa. Abu ya ce fat, ɗaki ya cika da ƙauri. Gwiwata ko ɗanɗana ɗumin ba ta yi ba.

Mai gyaran rediyo na bakin layinmu ne ya wayar min da kai. Ya ce wutar ƙasar da abin ya fito rabin tamu ce, tamu ta yi masa yawa. Da yake ban san baƙi ba, sai ya juya abin ya nuna min lambar da ke bayansa. Idan na ga sanda biyu da ƙwai, na wutarsu ne. Idan na ga agwagi biyu da ƙwai, namu ne. Autar ta sake aiko wani, na sayi wani ƙarfe mai nauyi da ke rage wuta. Matashin ya tsufa ya mutu, ƙarfen kuma ya koma tare min ƙofa kada iska ta riƙa buga ta.

Ran Alhamis da hantsi sai ga jikan ya shigo da wani baƙin akwati a ka, jita a rataye a baya.

"Amarya, kin tashi lafiya, ko ƙasusuwan sun riga ki tashi?"

Na ce, "Lafiya lau, maigidan da bai taɓa kawo cefane ba. Yau kuma gawar wa ka ɗauko?"

Ya sauke a tsakar ɗakina yana haki. Wai amfilifaya ce, mai ƙara wa jita murya, kawunsa ya aiko masa daga ƙasar waje. Jibi wasu makaɗa za su saurare shi, in ya yi musu su ɗauke shi. Shekara biyu ke nan yana bin su. Ya zo ɗakina ne don soket ɗina kaɗai ne ba ya rawa a gidan.

Ya zaro wani ɗan farin abu daga aljihu yana min yanga da shi.

"Kin ga wannan? Adafta. Yanzu an daina filaya. Bakin can ya shiga nan, nan ya shiga bango. Ilimi ke nan, tsohuwa."

"Ilimin nan ne ya cinye min gwiwa. Juyo min bayan akwatin."

"Me za ki gani? Ke da ko sunanki aka rubuta a ƙofa sai ki wuce gidan."

"Ni dai ban taɓa ɓata ba. Kai da ka iya karanta allon hanya, sau nawa aka dawo da kai?"

Ya juya shi don ya kunyata ni. Na sa tabarau, na bi da yatsa kusa da inda waya ta fito. Ga su nan a tsaye, sanda biyu, ƙwai na biye da su. Na duba ko akwai ɗan makunnin da ake turawa a koma wutarmu, don mai gyaran ya ce wasu na da shi. Babu. Na ja kujerata na zauna daidai gaban soket.

Ya ce in matsa. Na ce ko uwarsa ba ta isa ba. Ya ce kishi nake yi, na ga ya samo wadda ta fi ni murya. Na ce muryarta ta minti ɗaya ce, daga nan sai hayaƙi, ni kuwa shekara saba'in ina magana ba a taɓa canza min fis ba.

"Ai shi ne matsalar gidan nan," in ji shi.

Na ce, "Ɗan farin abin nan naka baki kawai yake canzawa. Wutar da ke bayansa tana nan yadda take. Karanta min lambar, kai mai makaranta."

Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe fiye da yadda lamba uku ke buƙata. Can ya ce ɗari da goma, da wata ƙaramar murya. Na tambaye shi ta bangon fa. Sai ya mayar da adaftar aljihu a hankali, kamar ba na gani.

Na nuna masa ƙofa da haɓa. Ya ɗauka korarsa nake, har ya fara tattara waya. Na ce ƙasa zai duba. Ya ga ƙarfen, ya gane shi, ya fashe da dariya har ya zauna daɓas.

Ban bar shi ya jona ba sai da ya kinkimi duka biyun zuwa wurin mai gyaran rediyo, don a tabbatar ƙarfen zai ɗauki akwatin. Mai gyaran ya duba ya ce zai ɗauka har da saura. Suka dawo tare, aka jona. Jikan ya taɓa jita sau ɗaya, kwanukan da ke kan kabad suka amsa. Na shinshina ɗakin, babu ƙauri.

Ya ce, "Amarya, na sallama. Waƙar farko taki ce."

Da zai fita, akwati a ka, ƙarfe a hammata, iska ta bugo ƙofar ta make shi a gwiwar hannu.

Na ce, "Ka je, Allah ya sa su ɗauke ka. In kuma ba su ɗauke ka ba, ka dawo, ga aiki nan. Ƙofata ta rasa mai tare ta."